Da Sauƙi, In Ji Inna

Da sunan Allah nake farawa, shi ke saukar da cuta, shi ke ɗauke ta. Wannan labarin jinyar mahaifiyata ne, wadda muka yi daga ƙarshen bazara zuwa lokacin da aka fara jibge buhunan gyaɗa a bakin tashar jirgin ƙasa, a shekarun nan kafin a ba da mulkin kai. Ba don in sa kowa kuka nake rubutawa ba. Kuskure na yi, kuma har yau ina ganin mutanenmu suna yin irinsa, cikin ladabi da kyakkyawar niyya.

Duk wanda ya zauna a Fagge a wancan lokaci ya san Inna Mai Ƙwarya. A gidan fatoma aka haife ta, ta tashi tana ganin ana sauke baƙi ana ciyar da su, kuma abin bai taɓa barinta ba. Bayan rasuwar Baba, da ta zama dattijuwa ba mai tambayarta ina za ta, sai ta mayar da unguwa duka gidanta. Ita ce karɓar haihuwa, ita ce wankan gawar mata, ita ce hura wutar wankan jego ga wadda ba ta da dangi a gari. In jirgi ya sauke wata baiwar Allah da goyo ba ta san kowa ba, masu dako sun san inda za su nuna mata. Ba ta karɓar ko anini. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take yi ta ci abinci, ragowar ribar kuwa a kunun marasa lafiya take ƙarewa. Ba ka ganinta a hanya sai da ƙwarya a tafin hannu, an rufe da faifai.

Tana da wata ɗabi'a in ta je dubiya. Za ta gaisa, ta ce yaya jiki, a ce mata da sauƙi, ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Amma ba ta ɗaukar amsar a bakin komai. Takan ce, “Bahaushe ko yana kan gargara ka ce masa yaya jiki, da sauƙi zai ce maka.” Sai ta ajiye ƙwaryar kununta ta yi gaba, bayan la'asar ta dawo ta ɗaga faifai. In an sha rabi, ta yi murmushi. In ta tarar da shi yadda ta bar shi, nan take za ta ɗaura ɗamara ta tayar da mutanen gida. “Baki yana kara,” in ji ta, “ƙwarya ba ta yi.” Na ji wannan magana ya fi sau ɗari.

Ni ce 'yar farinta. Ana yaye ni aka kai ni Kwaciri wurin Gwaggo, yayar Baba, can na girma, can aka yi mini aure da Malam Garba, ma'aikacin tashar jirgi. Sunana na yanka Hauwa'u, kowa na ce mini Jummai, amma Inna ba ta taɓa kama ko ɗaya daga ciki ba. In za ta yi magana da ni sai ta kalli gefe ta ce “ke”, in da wani take yi ta ce “waccan”. Na san al'ada ce, na kuma san tana sona, don duk ranar da ta yi suya tunkuzar farko gidana take zuwa. Amma ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Matar da ta haddace sunan duk yaron da ta yanke wa cibiya daga Fagge har Sabon Gari, nawa kaɗai ne ya gagari bakinta.

Ƙanena Ɗanlami, tela ne, shi ke zaune da ita. Shi ya zo ya gaya mini cewa Inna ta kwana uku ba ta fita ba. Jin haka kawai ya ishe ni. Malam Garba ya ce in tafi in zauna har ta warware. Na tarar da ita a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, ta manne hannun dama a jiki, ta lulluɓa da mayafi duk da zafin da ake yi.

“Sannu Inna. Yaya jikin?”

“Da sauƙi,” ta ce, tana kallon akuyarta da ke ɗaure a turke. “Wa kuma ya taso mutane?”

Na ji sanyi a raina, na ce alhamdulillahi. Kuskuren ke nan, tun daga ranar farko.

A makon farko muka kai ta ɗakin shan magani. Ba zan faɗi wanne ba, don ba su da laifi. Muka fita da sassafe da kwalbarmu a hannu, muka tarar layi ya riga ya fito har gindin bishiya. Inna sau biyu tana ba da wurinta, na farko ga mai goyo, na biyu ga wata tsohuwa da ta girme ta. Da na yi ƙorafi sai ta ce wa Ɗanlami, “Gaya wa waccan asibitin ba guduwa zai yi ba.” Rana ta take tsaka kafin mu shiga. Malamin da ke ba da magani saurayi ne ɗan kudu, mai fara'a, Hausarsa ba ta fi shekara ɗaya ba. Ya ce, “Mama, mene ne?” Ta ce zazzaɓi ne da ciwon gaɓɓai. Ya cika mana kwalba da wani jan magani, ya ba da ƙwayoyi a takarda, ya ce a dawo mako mai zuwa.

Muka dawo. Ya duba kati, ya ce, “Mama, yaya jiki?”

“Da sauƙi, ɗana.”

Fuskarsa ta washe. “Madalla! Magani yana aiki.” Ya sake cika kwalba. Mako na uku haka, na huɗu haka. Shi ya yi tambaya, ita ta amsa gaisuwa, ni kuma da na san bambancin ina tsaye a gefe riƙe da kwalba ban ce uffan ba. Na so abin ya zama gaskiya, shi ya sa.

A gida kuwa masu ba da shawara ba su huta ba. Gwaggo ta zo daga Kwaciri ta ce sanyi ne ya shige ta saboda yawon damina na shekara da shekaru, a dafa mata sassaƙen maɗaci. Wata maƙwabciya ta ce shawara ce, wata ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho. Liman ya aiko da rubutu. Duk abin da aka kawo Inna ta karɓa da hannun hagu tana ba da haƙuri, ta sa albarka, ta kurɓa. Ni kuma kullum da safe in dama kunun tsamiya in kai mata ɗaki, in koma in tarar da ƙwarya tas. Har yabon kaina nake yi, ina cewa hannuna ya karɓe ta. Ina dai ganin wuyanta yana ƙara tsawo, turaren wuta kuma ba ya yankewa a ɗakin, alhali da ba mai son hayaƙi ba ce. In na tambaya, da sauƙi.

A mako na biyar Maman Ngozi ta dawo daga garinsu, inda ta yi wata biyu. Ibo ce, Kirista, mijinta kafinta ne a Sabon Gari, ita kuma tana da tebur na kayan miya a kasuwa. Shekara goma sha wani abu kafin nan naƙuda ta kama ta ita kaɗai, sabuwar zuwa, ba ta jin Hausa. Mijin ya fito a guje yana neman taimako, wani mai ruwa ya kawo shi ƙofar Inna. Inna ta karɓi haihuwar, ta yi kwana arba'in tana tsallakawa Sabon Gari da kunun kanwa, har ta so ta yi mata wankan ruwan zafi irin namu, sai da aka yi da gaske ta haƙura. Sunan jaririyar ya gagari Inna, ta mayar da shi Ungozi, tana cewa ai daidai ne tunda ungozoma ce ta karɓe ta. Tun daga nan Maman Ngozi ta zama 'yar gida. A bakin Inna ta koyi Hausa, amma har ta tsufa kowa “ka” ne a wurinta, mace ko namiji.

Ranar Lahadi ta shigo, daga coci, da ɗaurin ɗankwalinta mai tsayi. Ba ta shiga ɗaki ba tukun. Ta tsaya a tsakar gida tana kallon akuya.

“Jummai, wa yana ba wannan akuya abinci?”

Na ce dusa ce da harawa kamar kullum.

“Dusa? Kai, zo ka gani.”

Ta zagaya da ni bayan ɗakin Inna, inda tagar take. A ƙasan tagar akwai wani tsohon kasko, da busasshen kunu a gefensa. Akuyar nan ta yi ɓul-ɓul, gashinta har sheƙi yake. Wata guda ina dama wa akuya kunu. Inna ta san zan duba ƙwarya, ita ta koya wa duniya duba ƙwarya, sai ta riga ni. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Maman Ngozi ta sa na ɗora ruwa. Ta shiga ɗaki ta durƙusa, na ji ta ce, “Mama, ni ba zan ce yaya jiki ba. Yau zan yi maka wanka, kamar yadda ka yi mini.” Na ji Inna tana cewa a'a, tana cewa gobe. Aka saki asabari. Na zauna a bakin murhu ina jin ƙarar ruwa, can ya tsaya. Sai asabarin ya ɗaga, Maman Ngozi ta leƙo, idonta jawur, ta yafito ni da hannu.

Ba zan bayyana komai ba, uwata ce. Abin da zan faɗa don wata ta gane nata shi ne, daga gefen mama na dama zuwa hammata wurin ya yi tauri kamar dutsen niƙa, ya fashe a tsakiya, ta rufe shi da ganye da tsumma. Turaren na ɓoye wari ne. Inna ta juya fuska bango. Maman Ngozi ta tambaye ta tun yaushe, ta ce tun daminar bara, lokacin bai fi ƙwallon goruba ba, kuma ba ya zafi. Ta san ko mene ne, ta sha ganinsa a jikin matan da ta wanke.

“Don me ba ka faɗa ba, Mama?”

“Wa zan buɗe wa? Ɗanlami namiji ne. Yaron asibiti sa'an Ɗanlami ne. Waccan kuwa…” Ba ta ƙarasa ba.

Na fita na tsaya a bayan ɗaki kusa da akuya na yi kuka, kuma ba tausayi kaɗai ba ne, har da fushi. Matar da ta ga tsiraicin rabin matan Fagge a ranar da suka fi kowa rauni, ita ce ta zaɓi shekara guda ta ciwo a kan ta buɗe kafaɗa a gabana.

Da magana ta fito, gida ya rabu biyu. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce, “Daji ne! Daji kuwa ba ya son ƙarfe. Kuka bari allura ta taɓa shi kun gama da ita.” Ta ce akwai wani mai magani a bayan gari da ke ɗaure shi. Malam Garba, wanda ba ya ɗaga murya a gaban surukai, ya sunkuyar da kai ya ce, “Gwaggo, a yi haƙuri a gwada asibiti, addu'a kuma ba za a fasa ba.” Ɗanlami ya bi bayansa, ni ma na bi. Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata, rana ta uku sai ga ta da tabarma da buta, ta ce ai ba za a kai matar ƙanenta hannun Nasara ba ta nan.

Wani direban da ke kwasar kaya daga tasha, wanda Inna ta karɓi haihuwar 'ya'yansa uku, shi ya sa ta a gaban motarsa ya kai mu babban asibiti. Ranar farko layi bai zo kanmu ba. Rana ta biyu muka ga likita, Bature ne dogo, da wata nas mai yi masa tafinta. Sunanta Malama Rahila, 'yar ƙasar Zariya, Kirista, Bahaushiya uwa da uba. Likita ya yi tambaya, ta juya ta ce, “Inna, yaya jikin?” Inna ta ce da sauƙi. Malama Rahila ba ta fassara ba. Ta dube ni, ta dubi Inna, ta ce, “Na amsa gaisuwa, Inna. Yanzu likita ke tambaya.” Ta ja labule, ta kwance mayafin da hannunta.

Likita ya daɗe yana dubawa. Ya wanke hannu, ya yi magana a hankali. Ba na jin Turanci, amma kalma ɗaya ta faɗo kunnena wadda na sani daga bakin Malam Garba in jirgin Ikko bai iso kan lokaci ba. Kafin Malama Rahila ta buɗe baki na riga na ji. An yi latti. Ta ce da an zo yana ƙwallon goruba da an yanke shi, har da an zo wata biyu baya ma da an gwada. Yanzu ya yi rassa. Abin da ya rage a tsabtace wurin, a rage mata zafi.

Kwana goma sha biyu muka yi a kwance. In zan yi ƙorafi, akwai abin yi. Mai gadin ƙofa ba ya ganin mutum sai ya ga goro. Akwai wata mai shara da ke yi wa marasa lafiya tsawa kamar ita ta haife su. Abincin asibiti ko Gwaggo mai lafiya ta kasa haɗiye shi. Amma in zan yi godiya, Malama Rahila kaɗai ta isa. Ita ta koya mini wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri, da yadda ake ɗora auduga ba a danna ba. Ita ta riƙa rufe ido in lokacin dubiya ya wuce, don matan da ke zuwa duba Inna sun fi ƙarfin lokacin dubiya. Ranar sallama ta ba ni wasu fararen ƙwayoyi 'yan kaɗan a kwalba, ta ce, “Waɗannan masu ƙarfi ne, ba a samun su ko'ina. Kada ki ba ta don rana ta fito ko ta faɗi. Sai zafin ya taso, tun yana tasowa, kafin ya kai ƙarshe. Ita za ta gaya miki.”

Na ce, “Malama, ba za ta faɗa ba.”

Ta ce, “To aikinki ke nan.”

Muka dawo Fagge damina ta yi nisa. Auduga da bandeji da man shafawa sai a kantin magani a Sabon Gari, kuma ba sa jimawa. Ɗanlami ya ja akuyar nan kasuwa, ta yi daraja fiye da yadda kowa ya zata. Da aka gaya wa Inna, ta yi dariya har ta dafe gefe, ta ce, “To, kunun waccan bai tafi a banza ba.”

Da farko Maman Ngozi kaɗai take yarda ta wanke mata. Amma mai tebur a kasuwa ba za ta zo safe da yamma kullum ba, Gwaggo kuwa hannunta rawa yake. Dole ta kai mu. Ranar da na fara, Inna ta juya fuska bango, ni na kafa ido a kan auduga, har muka gama. Haka muka yi ta yi.

Gidan kuwa bai taɓa zama shiru ba. Zumunci a ƙafa yake, Inna ta taka, yanzu aka tako mata. Matan Fagge da ƙorai, matan Sabon Gari da kwanoni masu murfi, wata Bayarabiya da ba wanda ya san ta ta zo ta share tsakar gida ta wanke tukwane ta tafi, sai daga baya Inna ta ce a ɗakin nan ta kwana bakwai shekarar da mijinta ya ɓace mata a tasha. Maman Ngozi takan kawo farfesun kifi, ta zauna a bakin gado ta rufe ido ta yi addu'arta da yarensu, Inna ta ce amin. Daga kwancen ma Inna ba ta ajiye aiki ba. A kai wa matar mai gyaran keke itace, ta kusa. A leƙa tsohuwar nan ta bayan masallaci, jikokinta ba sa kula. Kowa ya shigo ya ce yaya jiki, ta ce da sauƙi, ya fita yana cewa ai Inna ta ji sauƙi.

Ni kuwa kwalbar ƙwayoyi ta zame mini kaya. In na ba ta da wuri, na ɓarnatar. In na jira, sai in ga yatsun ƙafarta sun lanƙwashe, ta damƙe bakin tabarma, gumi na karyo mata, lokacin kuma ƙwayar ba ta cika yin aiki ba. Na koyi karanta ƙafa da hannu, amma kullum a makare nake. Na gaya wa Maman Ngozi. Ta ce, “Kai ma kana da laifi. Kullum kana gaishe shi. Ka daina gaisuwa. Ka ce, ina ne yana ciwo?” Na gwada. Inna ta kalli bango ta ce, “Alhamdulillahi.”

Wata rana da hantsi, ruwa ya fara ɗaukewa, na gama wanki na ga leɓenta ya fashe saboda cizo. Haƙurina ya ƙare. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

“Inna, ke kika ce baki yana kara. Ni kike yi wa kara? Ni baƙuwa ce? Likita ya ce an yi latti, na haƙura, wannan na Allah ne. Amma wannan zafin ga maganinsa a hannuna, kullum sai na yi latti, don kin ƙi gaya mini. Ki ji tausayina mana!”

Gwaggo daga tsakar gida ta ce, “Jummai, uwarki ce fa.” Na fita ina jin kunyar kaina, na wuni ban iya haɗa ido da kowa ba.

Kwana biyu bayan nan, da safe, ina durƙushe ina matse tsumma a kwano, na ba ta baya. Sai na ji an ce, “Hauwa'u.”

Wallahi waiwayawa na yi wajen ƙofa, in ga wa ya shigo. Ba kowa. Na juyo. Inna ba bango take kallo ba, ni take kallo.

“Hauwa'u, akwai ciwo. Yanzu yake tasowa.” Ta kamo hannuna da na hagunta ta ɗora a gefen haƙarƙari. “Nan ne. Da nan, har baya.”

Na ba ta ƙwaya, na tallafi kanta ta sha ruwa. Ba ta saki hannuna ba. Muka zauna muna jira, har na ji yatsunta sun fara sakewa.

“Sunan uwata ne,” ta ce. “Ni na roƙi babanki a sa miki. Ga kunyar fari, ga sunan uwa, ta ina zan fara? Amma kullum ina faɗinsa, bayan kowace salla. Ba dai a gabanki ba.”

Na kifa kaina a gefen gadon. Ta ɗora hannu a kaina, abin da ban san ta taɓa yi ba tun ina da wayo. Ta yi barci har azahar, barcin da ta daɗe ba ta samu irinsa ba.

Kwana tara ta ƙara. A cikinsu ba ta sake ce mini da sauƙi ba. Baƙi in sun shigo tana ba su amsarsu ta gaisuwa, suna fita ta ce, “Hauwa'u, ya taso,” ko ta ce, “Bar shi tukuna, wannan zan iya.” Ƙwayoyin suka ishe mu, har biyu suka rage. Sunan kuwa kamar tana biyan na shekaru, ko ruwa za ta sha sai ta kira shi. Ranar Alhamis bayan azahar ta cika, kanta a cinyata, Gwaggo tana yi mata kalmar shahada tana amsawa. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara, ya saka wa duk wanda ya tako ƙofarmu da alheri.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In kika ji wani ƙullutu a jikinki, ko ba ya zafi, ki buɗe wa wata tun yana ƙarami, ko 'yar farinki ce. In kuma kai ne mai jinya, ka yi gaisuwa don ladabi, ka karɓi amsarta don ladabi, sannan ka zauna ka yi tambaya. Ka duba ƙwarya, ka zagaya ka duba bayan taga. Da na sani ƙeya ce, ni na gani.

An yi zaman makoki, gida ya cika har waje. Kowa ya durƙusa ya ce, “Yaya haƙuri?” ni kuma in ce, “Da godiya.” Na faɗa har bakina ya saba, idona ƙamas, mata suna yaba dauriyata suna cewa ai 'yar Inna ce. Ranar uku da safe Maman Ngozi ta shigo da ƙwaryar Inna a tafin hannu, an rufe da faifai. Kunun tsamiya ne, irin wanda Inna ta koya mata. Ta ajiye a gabana, ta tafi kasuwa.

Bayan la'asar ta dawo, mutane sun ragu. Ta durƙusa ta ɗaga faifai. Kunun yana nan yadda ta bar shi, ya yi sanyi. Ta mayar da faifan, ta zauna a tabarma ta matso har gwiwarta ta taɓa tawa.

“Jummai,” ta ce, “ni ban zo gaisuwa ba. Ina ne yana ciwo?”

Na buɗe baki in ce da godiya, maganar ta ƙi fita. Sai na kamo hannunta na ɗora a ƙirjina.

“Nan ne,” na ce.